Lemun Tsamin da Baffa Ya Shayar da Sukari

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da bayoloji a wata sakandaren 'yan mata a nan Gombe, kuma duk shekara sai na tsaya gaban allo na yi bayanin abin da littafi ke kira osmosis, wato yadda ruwa ke ratsa tantanin ƙwayar halitta, ya baro inda yake tsinkakke ya koma inda gishiri ko sukari ya yi kauri. Na koyar da masu gyangyaɗi. Na koyar da masu cin gyaɗa a ƙarƙashin hijabi. Na koyar da wadda ta rubuta mini a jarrabawa cewa abin wata cuta ce da ke kama tsofaffi a gwiwa. Duk na iya da su. Ɗalibin da ya kusa sa ni ajiye alli shi ne mahaifina, da muke kira Baffa, don shi ba ni da ikon yi masa magana.

Ba faɗa muka yi ba. Ni ce 'yar fari, mu kuma Fulani ne. Iyayen Baffa da shanu suka shigo ƙasar nan, kuma duk da a asibiti aka haife ni a tsakiyar gari, kunyar ɗan fari ta biyo mu har unguwar Malam Inna ba ta zubar da komai a hanya ba. Baffa bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa dubana ya ce yi kaza ba. In yana son buta, sai ya kalli katanga ya ce, "Gidan nan babu buta ne?" ni kuma in kawo in ajiye ɗan nesa da shi in ɓace. Da na yi aure na tare a Dawaki sai ya samu sauƙi, ya raɗa mini "ta Dawaki". Ina zaune taku uku daga tabarmarsa zai ce, "A tambayi ta Dawaki ya yaran." Goggo, ƙanwarsa da ta dawo gidanmu tun rasuwar mijinta, sai ta juyo ta ce, "Wai ya yaran." Ni kuma in ce, "A ce masa suna gaisuwa." Haka muka rayu, kuma wallahi ban taɓa jin wani abu ya rage ni ba. Mahaifiyata, da muke kira Dada, ita ma ta yi tata kunyar, amma ta gaji da ita tun da na fara haihuwa, don ba a yi wa mai jego wanka ta hanyar aike.

Bishiyar da ta jawo maganar ta Dada ce. Wata rana ta matse lemun tsami a kunu, ta ga 'ya'yan sun yi ɓul-ɓul, ta ce asara ce a zubar. Tsakar gidanmu kuwa babu ƙasa ko cikin cokali, domin ƙanina, autanmu, da ya samu aikin ofis ya koma GRA, alherin farko da ya yi wa iyayensa shi ne shafe gidan da siminti tun daga zaure har bakin banɗaki. Sai Dada ta samo tsohon bokitin fenti, ta huda gindinsa da ƙusa, ta sa aka ɗebo mata ƙasa da takin awaki, ta shuka. Ƙwaya ɗaya ta tsiro. Shekara biyu tana lallaɓa ta, tana korar akuyar maƙwabta da muciya, har ta kawo mini ƙugu. Ba ta kai ga yin fure ba Dada ta kwanta doguwar jinya, kuma da kaka Allah ya karɓi abarsa.

Baffa malamin dabbobi ne mai ritaya. Ya yi shekara talatin yana zaga rugage a kan babur da allura da maganin tsutsa, kuma a wurinsa tsirrai kashi biyu ne kacal: waɗanda saniya ke ci, da waɗanda ke kumbura mata ciki. Ban taɓa ganin ya zuba wa ko ciyawa ruwa ba. Amma tun da aka share makoki ya karɓi ragamar bokitin nan. Da safe ya ja shi zuwa rana, da hantsi ya ja shi inuwa, har simintin ya yi layi-layi. Ya yi mata shinge da wayar kaji. Jikokinsa ma in suka matsa kusa da ita sai ya yi gyaran murya. Duk wanda ya gani ya san abin da yake gadi, ba wanda ya ce komai.

Da bazara ta kama, irin zafin Gombe da ke sa mutum ya ji haushin rigarsa, bishiyar ta fara sunkuyar da ganye da tsakar rana. Kowace shuka haka take yi a wannan lokaci, yamma na yi ta miƙe. Amma Baffa ya dube ta da idon aikinsa ya ga maraƙin da ƙarfinsa ya ƙare. Maraƙin da zawo ya kayar kuwa maganinsa sananne ne, ruwa da gishiri da sukari. Ya yi nazari ya cire gishirin, tun da a cewarsa ita ba ta zawo, rauni ne kawai.

Ni ban san wainar da ake toyawa ba sai wata Asabar da na zo gaisuwa. Tun daga zaure na ga kiyashi sun yi layi kamar ranar rabon taki, sun ratsa tsakar gida sun haye bokitin. Ƙudaje suna shawagi. Ganyen ya nannaɗe, gefensa ya yi ruwan ƙasa. Na taɓa ƙasar, ta manne mini a yatsa.

"Goggo, me aka zuba a nan?" na tambaya da raɗa.

"Magani," in ji ta. "Cokali uku na suga a buta, safe da yamma. Yau sati uku."

"Inna lillahi! Kashe ta zai yi!"

"Rage murya, ɓingel am, 'yata. Shi da ya tashi maruƙan da aka riga aka wasa musu wuƙa?"

Na tsaya ina kallon bokitin. Abin da nake zanawa a allo duk shekara ne a gabana, ba ko ragi. Rana na shanye ruwan, sukarin yana zama a ƙasa, gobe a ƙara wani. Ƙasar ta fi cikin saiwar kauri, don haka maimakon saiwa ta sha daga ƙasa, ƙasa ce ke sha daga saiwa. Bishiyar tana tsaye cikin danshi ƙishirwa na kashe ta. Kuma duk sa'ad da ta ƙara yaushi, Baffa zai ga ciwo ya ƙaru, ya ƙara magani. Da wata ɗaliba ce ta yi wannan aika-aika da tuni na cika ajin da faɗa. Amma mai laifin yana can ƙarƙashin rumfa da rediyonsa, yana tambayar katanga ko ta Dawaki ta zo lafiya.

Na roƙi Goggo ta kai saƙo. Na tsara mata shi dalla-dalla: a daina sukari, ruwa zalla kawai. Ta gyara ɗankwali ta tafi ta durƙusa, ina jin ta daga bakin kicin. Ta fara da yabon ƙoƙarinsa, ta bi da addu'a ga Dada, ta ce ta Dawaki ta ga irin hidimar da ake yi wa bishiya har ta rasa bakin magana, ta ce wai a makarantarsu ma suna da wani bayani a kan suga da shuka. Daga nan ta miƙe. Ta zuba wa saƙon ladabi har ya narke ya ɓace.

"A ce mata na gode," in ji Baffa. "Ashe har a boko an san da shi."

Da na tsare Goggo a ɗaki sai ta ce, "Ke kina so in dubi yayana in ce masa ya yi kuskure? A gidansa nake kwana, ke kuwa keke za ki hau ki tafi."

Na kira autanmu a waya. Shi ba shi da wannan matsala, har wasa yake da Baffa, har hularsa yake ɗauka. Ya zo da yamma da makullin mota a yatsa, ya tsaya a kan bokitin ya yi ta zuba Turanci, rabin maganar ni kaina ban san inda ta dosa ba. Baffa ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Kai da ka ga ƙasa ka rufe ta da siminti, kai ne za ka koya mini shuka?" Auta ya yi dariya, ya ci tuwon Goggo, ya koma GRA.

Sai na koma ga sata. Asabar ta gaba Baffa ya tafi ɗaurin aure, ni kuwa na tuɓe mayafi na yi ta ɗura wa bokitin ruwan famfo, buta bayan buta, har ya riƙa tsiyaya ta ƙasa yana kwashe zaƙin. Na wanke simintin, na share gawar kiyashi, na koma gida ina jin kaina gwana. Bayan kwana biyu Goggo ta kira ni, muryarta cike da murna.

"Albishirinki. Bishiya ta ɗaga kai! Ya ce a gaya miki magani ya fara aiki. Ya mayar da shi cokali shida."

Saura kaɗan in jefa wayar cikin tukunyar miya. Na zauna a kan turmi na yi ta huci. Maigidana ya ce ko ya je ya yi masa bayani, na ce kai da kake suruki, kai da in ka hango shi a layi kake canza hanya? Ya ce gaskiya ne, ya ci gaba da cin abincinsa.

A aji dabarar ta zo mini, ina cikin yanka wa 'yan aji huɗu dankali don gwajin osmosis. Al'ada ta hana ni yi wa Baffa magana, amma ba ta hana ni koyar da Goggo ba, kuma ba ta ce in yi hakan a hankali ba.

Ranar Lahadi bayan azahar na sauka a Malam Inna da dankalin turawa, da rula, da sukarina a leda. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida daidai inda murya za ta kai rumfa. Baffa yana kishingiɗe ya ba mu rabin baya, rediyo na ta surutu a gefensa. Na ɗauko kwanuka biyu na zuba ruwa, na kira Goggo.

"Ni da furfurata za ki sa ni a aji?" in ji ta.

"Zauna dai, Goggo. Abin mamaki zan nuna miki."

Na fere dankalin, na yanka shi dogo-dogo kamar na suya, na auna guda biyu da rula na daidaita tsawonsu. Na buɗe murya irin ta aji mai mutum saba'in.

"Dankalin nan da kike gani, Goggo, cikinsa 'yan ɗakuna ne ƙanana da ido ba ya gani. Kowane ɗaki da jakar ruwa a ciki. In jakar ta cika tam sai ta tokare bangon ɗakin, shi ya sa ɗanyen dankali yake da tauri, shi ya sa ganye yake tsayawa a miƙe."

"To, ni kurma ce da kike ihu?"

"Ita jakar tana barin ruwa ya shiga ya fita, amma ba ta barin suga ya wuce. Shi kuma ruwa halinsa ɗaya ne. Duk ɓangaren da ya fi kauri da zaƙi, can yake komawa."

"Ashe ruwa ma ɗan siyasa ne," in ji Goggo.

Na ji wani ɗan tari daga rumfa. Na yi kamar ban ji ba. Na zuba sukari a kwano ɗaya ina ƙirga cokulan da ƙarfi, na juya har ya narke, na saka yanka ɗaya a ciki, ɗayan kuma a ruwa zalla. Na ce sai mu jira awa guda.

"Wai tsaya," in ji Goggo. "Ba shi ne in ka barbaɗa wa kabeji gishiri sai ya yi ta zubar da ruwa ya yi laushi ba?"

"Shi ne, Goggo! Shi ne daidai!"

"Wannan ne kika yi shekara huɗu a jami'a a kansa? Da kin tambaye ni ai da an huta."

Ta kwashi ragowar dankalin ta tafi soyawa, ta ce ba za a yi wasa da abinci duka ba. Na zauna gadin kwanukana ina korar kaji. Abin da na lura da shi shi ne rediyon Baffa. Da muka fara, har maƙwabta na jin labarai. Da na kai kan jakar ruwa ya ragu. Yanzu kuwa sai ka kasa kunne za ka san a kunne yake. Can sai na ji ya yi gyaran murya.

"A tambayi mai dankali, cokali nawa ta zuba."

Goggo ta leƙo daga kicin da matsami a hannu. "Wai cokali nawa."

"A ce masa shida."

Rediyon ya mutu gaba ɗaya.

Da lokaci ya cika na tsamo su na ɗora a kan rula. Na ruwa zalla ya ƙara ɗan tsawo, ya ƙandare, da na lanƙwasa shi sai ya karye ƙas. Na cikin sukari ya ragu, ya yi laƙwas. Goggo ta karɓa ta naɗe shi a yatsa kamar zobe, ta yi salati, ta warware ta sake naɗewa.

"Ruwan cikinsa ne ya gudu waje," na ce, ina fuskantar Goggo, muryata na fuskantar rumfa. "Jakunkunan sun motse, sun saki bango. Yana cikin ruwa tsundum amma ƙishirwa ta kama shi. Haka yake faruwa da duk wata shuka da aka zuba wa suga a gindi."

Nan Goggo ta nuna mini ita ma gwana ce. Ta ɗora yankan biyu a kan faifai, ta ce, "Bari in kau da su kada kaji su ci," ta je ta ajiye daidai gefen tabarmar yayanta, inda kaji suka fi yawa, ta dawo. Ta wutsiyar ido na ga hannunsa ya miƙa. Ya ɗauki mai laushin ya jujjuya, ya matsa, ya kai hanci.

"A gaya mata dankali ba shi da saiwa," in ji shi.

"Wai ba shi da saiwa."

"A ce masa saiwa ma irin ɗakunan nan ne da ita, nata ma sun fi laushi. A ce masa bishiya da kanta take haɗa suganta a ganye, da hasken rana. Ruwa kawai take nema a ƙasa."

Goggo ta juya ta ce, "Ka ji," don ta gaji da maimaici.

"A tambaye ta, maraƙi fa? Shekara talatin ina ba maruƙa ruwan suga suna miƙewa. Ko su ba su da ɗakunan?"

A nan raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ga bishiyar Dada tana mutuwa taku biyar daga inda muke, mu kuma muna ta aike kamar masu neman aure. Na ce, "A tambaye shi, in makiyayi ya cika wa maraƙi suga fiye da ƙima, me ke faruwa?"

Goggo ta zaro ido. "A'a. Wannan kam ba zan kai ba. Ɗa ba ya yi wa uba jarrabawa."

Amma saƙon ya riga ya isa da ƙafarsa. Mai na ta ƙara a kasko. Na sunkuyar da kai, kunya ta rufe ni, na fara tunanin ta inda zan bi in fita. Baffa ya daɗe yana kallon faifan. Da ya yi magana, da yankan dankalin ya yi.

"Zawon ƙaruwa yake," ya ce a hankali. "Sugan yana jawo ruwan jikinsa zuwa hanji. Maraƙin ya bushe yana sha. Na sha yi wa makiyaya faɗa a kan haka."

Dankalin Goggo ya ƙone a kasko, ba ta motsa ba. Aka kira la'asar, Baffa ya miƙe ya ɗauki hularsa, ya zura takalmi. Sai da ya kai bakin zaure ya tsaya, ya dubi ƙofar ya ce, "In akwai mai lokaci a gidan nan, a duba bokitin can."

Kafin ya dawo daga masallaci mun kifar da bokitin. Ƙasar tana warin kunun da ya kwana uku, kiyashi suka watse suka hau ƙafafun Goggo, ta yi ta tsalle tana tsine musu da Fulatanci. Saiwoyin da ya kamata su zama farare sun yi baƙi-baƙi, wasu suna saɓulewa a hannu. Na wanke su a baho, na datse ruɓaɓɓun da almakashi, na wanke bokitin, muka roƙi sabuwar ƙasa a gidan wata maƙwabciyarmu 'yar Kaltungo mai lambun alayyafo a bayan ɗaki. Ta tambayi me ya sami bishiyar, Goggo ta ce zafi ne. Muka mayar da ita muka ajiye a inuwa.

Cikin kwana huɗu ta zubar da ganyenta kaf. Ta koma tsinke a cikin bokiti.

Na ji tsoro ƙwarai. Na yi gaskiya, kowa ya gani, amma in ta mutu yanzu a hannuna ta mutu. Lokacin da Baffa ke ba ta sukari aƙalla tana da ganye. Kullum bayan an tashi daga makaranta sai na biya, in kankare ɓawon da farce in ga ko akwai sauran kore. Baffa yana zuba mata ruwa zalla safe da yamma, ba ya aiko da saƙo, ba ya tambayar katanga komai. Da ma ya yi mini faɗa ta bakin Goggo da na fi samun sauƙi. Ya rame a 'yan makonnin nan, rigunansa suka yi masa yawa.

A mako na huɗu, wata Asabar da hantsi, na yi sallama ba wanda ya amsa daga kicin. Goggo ta tafi bikin suna a unguwar Bolari. Baffa kaɗai ne a gidan, yana tsugune gaban bokitin. Na durƙusa daga nesa na gaishe shi, ya amsa wa katanga. Sai ya ɗaga asawakin da ke hannunsa ya nuna wani wuri a jikin tsinken, ƙasa-ƙasa. Na matso. Toho ne, ganye biyu ƙanana kamar kunnen ɓera, kore shar.

Na ce alhamdu lillahi ya fi sau goma, ina dariya hawaye na zuba. Baffa ya waiga wajen kicin, ya waiga wajen ɗakin Goggo. Babu mai kai saƙo. Ya mayar da idonsa kan bokitin.

"Kin san," ya ce, sai ya tsaya.

Saura kaɗan in juya in ga wadda ke bayana.

"Kin san likita ya hana ta suga."

Na sani mana. Ciwon suga ne ya kwantar da Dada, ni ce ma nake rubuta awon jininta a takarda. Amma ni da nake taƙama da kaina, ban taɓa haɗa wannan da bokitin ba, ko sau ɗaya.

"Satinta na ƙarshe kullum da safe sai ta ce in sa mata suga a shayi," in ji shi. "Ta ce bakinta ɗaci. Ni na ɓoye gwangwanin a cikin akwatina. Na ce sai ta warke." Ya shafa gefen bokitin da babban yatsa. "Ita na hana ta, ta tafi. Wannan na ba ta, ta kusa tafiya."

Na rasa wa zan ce a gaya wa, don haka na faɗa masa kai tsaye.

"Baffa, hanawar da ka yi ita ce daidai. Ko wane likita haka zai ce."

"Na sani," in ji shi. "Amma kofi ɗaya ta roƙa."